Yaro ya zagi addinin wani ko ƙabilarsa a makaranta: yaushe ake kiran 'yan sanda, yaushe ba'a kira

Duk wanda ya taɓa riƙe aji a gari irin Kaduna ko Jos ko Zariya ko Sabon Garin Kano ya san wannan matsalar. Yara suna cikin wasa ko rigimar benci sai kaji wani yace wa ɗan uwansa arne, shi kuma ya rama da ɗan Boko Haram, ko ace wa yaron Fulani ubanka ɗan kidinafin ne, ko a fizge wa yarinya hijabi a layin asambuli, ko a tsinke wa wata sarƙar kuros ɗinta, ko a sa yaro zabiya a gaba da waƙar tsokana har ya daina zuwa makaranta. Kafin a tashi magana ta kai gida, washegari da sassafe uban yaro ya diro ofishin firinsifal yana huci wai shi fa babu sulhu, sai an kai maganar caji ofis. A nan ne shugaban makaranta yake shiga tsaka mai wuya, in ya kira 'yan sanda ace ya tona asirin makaranta ya ɓata wa yaro rayuwa, in bai kira ba ace yana goyon bayan ɓangare ɗaya saboda addininsu ɗaya ko yarensu ɗaya.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu. Ɗan sanda aikinsa kare rai ne da jiki, ba aikinsa bane koya wa ɗan JSS 2 cewa abokin zamansa mutum ne kamarsa. In abun bai wuce baki ba, makaranta ce zata ji da shi, kuma da gaske, ba irin "ku yi haƙuri yara ne" ɗin nan ba. In kuwa akwai jini ko makami ko barazanar kisa, ko kaga yara sun fara taruwa a kan mutum ɗaya, toh kira su nan take, kada ka tsaya neman izinin mai makaranta ko ofishin shiyya. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shine mu juya abun muke yi. Ɗan talaka ya zagi ɗan wani babba sai kaga motar 'yan sanda a bakin get kafin azahar, amma ranar da ran ɗalibi yake cikin haɗari na gaske sai a tsaya ana mitin a ofis, ana tsoron kada sunan makaranta ya fita a Facebook.

Da zarar magana ta iso gareka

Abu na farko ka raba yaran, kowa ɗakinsa daban, kuma kada ka bar 'yan kallo a bakin taga. Ka duba jikin wanda aka yi wa abun da idonka, in mace ce malama ta duba, in akwai rauni asibiti kafin komai, kuma a karɓo takardar likita domin zata yi amfani nan gaba. Sannan ka saurari kowa shi kaɗai. Kada ka haɗa su gaba da gaba a wannan lokacin kace "maimaita abin da ya faɗa maka", yaron da aka ci wa mutunci yana tsaye gaban wanda ya fi shi ƙarfi ko ya fi shi jama'a a aji ba zai faɗi gaskiya ba, cewa zai yi wasa ne Malam, kai kuma ka samu mafita ka sallame su, da an koma hostel a ci gaba daga inda aka tsaya.

Ka rubuta komai a ranar: kwanan wata, wuri, ainihin kalmar da aka faɗa ko da mummuna ce, su wa suka ji, wa ya fara kawo rahoto. Shaidu ma ɗai-ɗai zaka ji su. In a guruf ɗin WhatsApp na aji akayi abun, a ɗauki sikirinshot a ajiye muryar da aka tura kafin a goge, amma a waya ɗaya ta ofis, ba wai kowane malami ya tura wa kansa ba, domin daga wayar malamai ake samun abun ya fita gari.

Bayan nan akwai tambayoyin da zaka yi wa kanka, kuma su ne zasu nuna maka hanya. An taɓa jikin yaron ko an lalata masa kaya? Akwai wuƙa ko reza ko wani makami? An ce za'a kashe shi ko za'a tare shi a hanya? Yau aka fara ko an daɗe ana yi? Mutum ɗaya ne ko gungu? Shekarun mai laifin nawa? Akwai hannun wani daga waje, yayye ko 'yan unguwa? Yaron da aka yi wa abun zai iya kwana lafiya yau a hostel ko ya taka zuwa gida lafiya? Wannan ta ƙarshen ita ce babba, in ka kasa amsa ta da eh ba tare da shakka ba toh maganar ta fi ƙarfin ofishinka.

Me yasa ba'a kai zagi caji ofis

Wasu iyayen gani suke in an kai yaro wajen 'yan sanda zai ji tsoro ya shiryu. Dan Allah a tsaya a duba me ke faruwa a can. Yaro ɗan shekara 13 a cikin yunifom, an ce ya cire bel da takalmi, an zaunar da shi a ƙasa bayan kanta kusa da manyan da aka kamo da sata ko ƙwaya, an miƙa masa biro da takarda ya rubuta sitetmen da turancin da bai gama iyawa ba, uwarsa na waje tana kuka tana buga waya neman wanda zai tsaya masa. Wannan yaron in ya fito ba cewa zai yi na gane zagin addinin wani laifi ne ba, cewa zai yi 'yan addini kaza ne suka sa aka kulle ni, haka gidansu zasu ce, haka unguwarsu zata ce. Ƙiyayyar da ada kwaikwayo ce kawai yake yi daga bakin manya yanzu ta zama tasa, ya samu hujja. Shi kuma wanda aka zaga ya zama wanda ya kai ɗan aji caji ofis, kowa ya guje shi, gobe in an yi wa wani yaron irin haka shiru zai yi.

Mu nan Arewa bamu buƙatar a bamu labarin abin da tsarewa ke yi wa yara. Kowa ya ga bidiyon ranar 1 ga Nuwamba 2024 a babbar kotun tarayya ta Abuja, yaran da aka kamo akasari daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar watan Agusta, sun yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da ƙasa ta ɗauki zafi shugaban ƙasa ya bada umarnin a sake su. In ka miƙa yaro ga wannan tsarin baka da iko a kan inda abun zai tsaya.

Ita kanta doka ba haka take so ba. A Final Kod, wato kundin dokar hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa, sashe na 50, yaron da bai kai shekara 7 ba bashi da laifi kwata-kwata, daga 7 zuwa 12 kuma sai in an tabbatar yana da hankalin gane abin da ya aikata. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma tsarin shari'ar yara ne kaɗai zai bi, har ma sashe na 209 ya ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙananan laifuka ta hanyar sulhu da sa ido da biyan diyya ba tare da an je gaban alƙali ba. Jihohi suna da nasu kwafin, Kaduna ta yi tata a 2018, Kano a 2023. Kaga kenan in ka kai ƙaramar magana can, abin da doka zata ce ayi shine sulhun da kai ka fi kowa iya yinsa tunda kai ka san yaran.

Ƙasashen da suka riga mu cika makarantu da 'yan sanda ma sun ga illar. A Amurka, jihar New Jersey, a 2016 an kira wa yaro ɗan shekara 9 'yan sanda saboda wata magana da yayi a kan kek a wajen fatin ƙarshen zango, wani ɗalibi yace wariyar launin fata ce, iyaye suka tada jijiyar wuya har aka janye tsarin kai wa 'yan sanda kowane ƙaramin abu. Akwai kuma wani gefen da ya kamata mu lura da shi sosai, wato shi kansa kiran 'yan sandan yakan zama son zuciya. A Texas a 2015 yaro Musulmi ɗan shekara 14, ɗan asalin Sudan, ya haɗa agogo ya kawo makaranta ya nuna wa malamai, aka ce yayi kama da bam, aka sa masa ankwa aka fita da shi, daga baya ba'a tuhume shi da komai ba, iyayensa suka kwashe suka koma Qatar. A Landan a 2020 malamai sun kira 'yan sanda a kan wata baƙar fata 'yar shekara 15 wai suna jin warin wiwi, aka tuɓe ta aka caje ta a cikin makaranta ba tare da wani babba nata a wajen ba, ba'a samu komai ba, binciken da ya fito a 2022 yace da alama launin fatarta na cikin dalilan. Shi yasa kafin ka ɗaga waya ka tambayi kanka tsakani da Allah, da ace yaron nan ɗan addinina ne ko ɗan ƙabilata, ko ɗan shugaban PTA ne, zan kira?

Abin da makaranta zata yi da kanta

Rashin kiran 'yan sanda ba yana nufin a share magana ba, kuma wallahi sharewar ce ke sa iyaye su tafi caji ofis da kansu. Uban da ya zo yana huci, mafi yawanci abin da yake so shine ya ga an ɗauki ɗansa da daraja. Ka zaunar da shi, ka nuna masa abin da ka rubuta, kace "Baban wane, wannan abu ya faru, bamu yarda da shi ba, ga matakin da muka ɗauka, ga ranar da zamu sake zama." Iyayen mai laifin kuma ka kira su daban a ranar, kada su ji a bakin gari. Ka shirya jin "ai gaskiya ya faɗa" daga bakin wasu iyayen, a nan zaka gane daga ina yaron ya ɗauko, kuma a nan zaka faɗa musu a fili cewa abin da suke faɗa a gida ruwansu, amma cikin get ɗin nan akwai doka.

Horo ya dace da laifin kuma ya zama iri ɗaya ga kowa. Karon farko, kalma ce ta fito a cikin faɗa, gargaɗi a rubuce da ban haƙuri na gaske a gaban malami da zama da malamin da ke ba ɗalibai shawara in makarantar na da shi. In an maimaita ko gungu ne suka sa yaro ɗaya a gaba, sasfenshin da sa hannun iyaye a takardar alkawari, a sauya wa masu laifin aji ko ɗaki. A lura, masu laifin ake ɗagawa, ba wanda aka zalunta ba, sau da yawa sai kaga yarinyar da aka fizge wa hijabi ko yaron da ake ce wa arne shi ake mayarwa wani ajin wai don a zauna lafiya, wannan hukunta shi ne karo na biyu. In firifet ne a karɓe muƙamin. Ni ban goyi bayan a fito da yaro gaban asambuli a zane shi a kan irin wannan laifin ba, domin rabin filin zasu ga an daki nasu ne saboda wancan, ka raba makarantar gida biyu da hannunka.

Ka yi amfani da mutanen da kake da su. Malamin da ke kula da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS da wanda ke kula da ta ɗalibai Kirista ta FCS su zauna da yaran tare, yaro ya ji daga bakin malamin addininsa cewa abin da yayi ba addini bane, wannan ya fi shiga kunne fiye da duk abin da DPO zai faɗa. Kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido a harkar makaranta, da PTA su san me ake ciki ba tare da an baza sunayen yara ba. Bayan sati biyu ka sake kiran yaron da aka yi wa abun shi kaɗai ka tambaye shi ya ake ciki, nan ne mafi yawan makarantu ke faɗuwa, an yi sulhu an sha hannu shikenan ba wanda ya sake waiwaya.

Sai kuma maganar da bamu son yi: wani lokacin malamin ne. Malamin da ke ce wa yaro "kai Bafulatanin daji" ko "ku dama ba kwa jin magana" a gaban aji ya riga ya ba yara lasisi. Wannan kwairi, wato takardar tuhuma, za'a bashi a rubuce a kai maganarsa gaba, domin sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin gari ko yanayin haihuwarsa. Makarantun haɗin kai na tarayya da gwamnatin Gowon ta yawaita bayan yaƙin basasa ai don a kashe irin wannan aka gina su, ɗan Sakkwato ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Kalaba.

Inda dole a kira, kuma da wuri

In an ji wa yaro ciwo na gaske, in an fito da makami, in an yi barazanar kisa da sunan mutum da wuri, in an taɓa mutuncin yarinya, in an ƙona ko an fasa masallaci ko cocin makaranta, in 'yan waje sun shigo ko ana gayyato su, wannan laifi ne a doka ko da babu maganar addini ko ƙabila a ciki, kuma ɓoye shi cin amanar yaran ne. Abin da ake turawa ta waya ma yana da doka, sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga mai yi wa mutane barazana ko cin mutuncinsu a bainar jama'a ta kwamfuta ko waya saboda ƙabila ko launi ko addini, ya kamata 'yan SS 3 da ɗaliban manyan makarantu su san da wannan tun kafin su tura.

Wanda ya fi kowanne haɗari a wajenmu shine zargin ɓatanci ga addini, kuma a nan nake so a tsaya sosai. Ni Musulmi ne, na san zafin da zuciya ke ji in an taɓa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma hukunci ba a hannun ɗalibai yake ba, akwai kotu, ita Final Kod ɗin ma sashe na 210 ya yi magana a kan cin mutuncin addini. Ranar 12 ga Mayu 2022 a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, daga saƙon murya a guruf ɗin WhatsApp na aji aka kai ga kashe Deborah Samuel, an ɓoye ta a ɗakin masu gadi a cikin makarantar amma taron ya fi ƙarfin masu tsaron. Mai alfarma Sarkin Musulmi yayi Allah wadai da kisan, gwamnati ta rufe kwalejin, bayan kwana biyu sai da aka sa dokar hana fita a garin. A watan Maris na 2007 ma a wata sakandare a Gombe ɗalibai sun kashe malamar da ke sa ido a jarrabawa bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. Irin wannan abu tsakanin a fara raɗe-raɗi da a fara jifa ba wani lokaci bane mai tsawo.

Saboda haka da ka ji kalmar ɓatanci ta fara yawo, kada ka tsaya binciken ya faɗa ko bai faɗa ba, wannan na baya ne. Ka fitar da wanda ake zargi daga harabar makarantar gaba ɗaya tun kafin labari ya gama zagawa, a mota, ta ƙofar da ba'a zato, kai tsaye hannun hukuma. Kada ka kulle shi a ofishinka ko ɗakin get ko sitaf rum, kowa ya san wuraren nan kuma ƙofarsu bata tare mutum ɗari. Kana yin haka wani malamin na kiran DPO, wani na kiran sibil difens, wani lambar gaggawa ta 112, lokaci ɗaya. In ka samu DPO ka yi magana a taƙaice yadda zai gane nauyin abun: "Ranka ya daɗe, ni ne firinsifal na makaranta kaza a layi kaza, ana zargin ɗaliba da ɓatanci, yara sun fara taruwa a bakin hostel, ina buƙatar mota da jami'ai yanzu, rai ne a ciki." Kada kace "akwai 'yar ƙaramar matsala", in kace haka mutum biyu za'a turo maka a babur.

A rufe get kada 'yan waje su shigo. Kowane malami ya shiga ajinsa ya riƙe yaransa, kada a buga ƙararrawar asambuli, tara su wuri ɗaya shine abu mafi muni da zaka yi a wannan lokacin. Admin ɗin guruf ya kulle shi yadda ba mai iya turawa. A kira limamin da yaran ke jin maganarsa da mai unguwa ko hakimi, su zo da ƙafarsu. Kuma a tuna da sauran yaran da suke addini ɗaya ko gari ɗaya da wanda ake zargi, su ma a tsare su a kira iyayensu, domin in taro ya rasa wanda yake nema kan na kusa yake faɗawa. Duk wannan haka yake in an juya, wato ɗan Musulmi ne tsiraru a makarantar da taro ya taso masa, a Filato ne ko a Kudu.

In 'yan sanda sun zo a kan yaro

Wannan aikin tun kafin rana ta ɓaci ake fara shi. Farkon zango ka je ka gaida DPO, ka karɓi lambarsa da ta jami'in da ke kula da harkar yara da mata in ofishin na da shi, ka ajiye a wayar mutum uku aƙalla, har da mai kula da hostel domin da dare abubuwa suka fi faruwa.

In ya zama dole a tafi da ɗalibi, a kira shi ofis cikin sirri, ba'a shiga aji a sa masa ankwa gaban 'yan uwansa. A sanar da iyayensa nan take, dokar yara ta wajabta hakan. Malami ɗaya ya bi su har can ya zauna sai iyaye sun iso, kada yaro ya rubuta ko ya sa hannu a sitetmen babu babba nasa ko lauya a wajen, kuma a roƙa da babbar murya kada a haɗa shi sel ɗaya da manya. Ka faɗi shekarunsa na gaskiya daga fayil ɗin makaranta. Kundin tsarin mulki sashe na 35 yace a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Beli kyauta ne a doka, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko wa a madadin wanda ake nema. Iyayen da basu da kuɗin lauya a nuna musu ofishin hukumar bada tallafin shari'a ta Legal Aid, in an ci zarafin yaro a tsare kuma akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, tana da ofis a jihohi. Kada makaranta ta bada sunan yaro ko hotonsa ga 'yan jarida ko masu ɗora labari a Facebook, wanda ake zargi ne ko wanda aka zalunta.

Ku kuma iyaye, in an yi wa ɗanku kuma makaranta na jan ƙafa, ku rubuta ƙorafi a takarda ku ajiye kwafi da sa hannun wanda ya karɓa, in shiru ku je PTA ko SBMC, in shiru sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko ofishin shiyya ko ma'aikatar ilimi. In akwai rauni ko barazana ba sai kun jira izinin makaranta ba, haƙƙinku ne ku kai rahoto. Abin da nake roƙo kawai kada ku ɗora a soshiyal midiya da sunan yaron da hoton makarantar kuna cewa jama'a ku taya mu, wanda zai amsa kiran ba lallai irin taimakon da kuke so zai kawo ba. In kuma rigimar da dokar makarantar ce kanta, kamar hana hijabi, wannan ba ta ɗan sanda bace kuma ba ta taro a bakin get bace. A Ijagbo ta jihar Kwara a Fabrairun 2022 irin wannan taron ya jawo asarar rai, a Legas kuwa ta kotu aka bi shekara da shekaru har kotun ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar a watan Yunin 2022.

Abu na ƙarshe da zan ce kowace makaranta ta yi kafin zango mai zuwa, a rubuta wannan tsarin a shafi ɗaya, da Hausa da turanci: ga kalaman da ba'a yarda da su ba, ga horon farko da na biyu, ga abubuwan da in sun faru za'a kira 'yan sanda ko ɗan waye, ga wanda zai kira in firinsifal baya nan. A karanta a taron PTA, kowane uba ko uwa su sa hannu ranar dawowa hutu, a liƙa kwafi a sitaf rum da ɗakin mai gadi tare da lambobin wayar.